Kawuna Mai Ɗiban Iska

Ranar Talata da hantsi Kawu ya cika, a ɗakinsa na unguwar Kalley a Yamai, bayan jinyar da ba ta kai sati biyu ba. Na Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, an dawo an kafa rumfa ta tare rabin layi, har masu kabu-kabu suna kewayawa ta bayan masallaci.

Jama'a ta zo fiye da yadda muka zata. Tsofaffin direbobi sun zo da sandunansu. Ƴan garinmu na Maradi da ke ɗinki da kasuwanci a Zongo sun rufe shaguna sun zo. Maƙwabciyarmu Bazabarmiya, wadda ta shekara arba'in tana faɗa da Kawu a kan ruwan wanki da ke bi ta ƙofarsa, ta shigo tana ta'aziyya da Zabarmanci, "Fonda tilas, fonda tilas," ba ta kai tsakar gida ba kuka ya ƙwace mata. Inna, matar Kawu, ita ta riƙe ta tana ba ta haƙuri, sai ka ce ita aka yi wa mutuwar.

Washegari da yamma zaman ya ɗan saki, kamar yadda zaman makoki yakan yi. Baba Tela, aminin Kawu tun suna samari, ya gyara zama a kan tabarma ya ce bari ya tuna wa jama'a wane ne aka rasa.

"Ku ba ku san shi ba," in ji shi. "Mutumen ga ya fi kowa wayo a Yamai. Shekara talatin shina sayar wa nasara iska! Iska hwa, wagga da muke shaƙa kyauta. Sun ce ya tahi daji ya ɗebo musu, shi ko sai ya zagaya bayan kasuwar Petit Marché ya cika musu buteli da hayaƙin tsire. Sai da injinsu ya ji ƙamshin yaji kana suka gane!"

Rumfa ta ɗauki dariya. Wani ya ce, "Allah jiƙan maza!" Wani ya ce ai ko kaɗan ne ya rama mana. Yabo suke yi, har cikin ransu, kuma da wannan labarin kowa zai koma gida.

Ni ina tsugune da farantin dabino a hannu, na kasa ɗaga kai. Labarin ƙarya ne, amma akwai gaskiya ƴar ƙarama a cikinsa. An taɓa cika kwalba biyu a gangaren kogi, ƙasa da Petit Marché, aka aika da su a matsayin iskar daji. Sau ɗaya aka yi, kuma ba Kawu ya yi ba. Ni ɗan ƙanwarsa, wanda ya riƙa tun ina aji uku, ni na yi. Gobe Alhamis za a yi addu'ar uku jama'a ta watse. In ban buɗe baki ba kafin nan, mutumin da bai taɓa ƙara minti ɗaya a takardar aiki ba zai zauna a bakin mutane a matsayin ɗan damfara mai ban dariya, har jikokinsa su gada.

Bari in faɗi wane ne shi tukuna.

Kawu bai shiga lakkol ba, wato makarantar boko. Karatun allo ya yi, ya zama karen mota, ya zama direba, har Allah ya kai shi wani ofishin masu binciken sararin sama yana tuƙa su. Wata Baturiya ce shugabar aikin a lokacin. Ita ta lura cewa duk direbobin in an ce su rubuta lokacin tashi sai su rubuta ƙarfe goma cif, shi kaɗai ke rubuta goma da minti bakwai. Ran nan ta kira shi ta miƙa masa akwatin katako mai kwalba biyu a ciki, ta ce daga yau aikinsa ya ƙaru.

Aikin ga yadda yake. Kowace Alhamis zai fita bayan gari, tafiyar sa'a guda, ya hau wani tudu mai jar ƙasa inda babu gida babu hanya. Kwalaben an zuƙe musu iska ƙaf tun daga ƙasar waje, an naɗe su da ƙyalle mai danƙo don kada su fashe. Zai ajiye mota can nesa, ta inda iska ke tafiya, ya kashe inji. Zai watsa ƴar ƙaiƙayi ya ga inda ta nufa. Sannan ya ja numfashi ya riƙe, ya taka taku goma yana fuskantar iskar, ya ɗaga kwalba sama da kansa, ya murɗe bakinta. Sai ta yi tsaki tana zuƙa. In tsakin ya tsaya ya rufe, sannan ya juya baya ya saki numfashinsa. Haka zai yi wa ta biyu. Ya rubuta lokaci da inda iska ta fito, ya sa hannu, a tura akwatin ƙetare a auna abin da ke ciki.

In wani abu ya faru yakan ƙara bayani a gefen takardar da ajami, akawun ofis ya juya zuwa Faransanci. Na taɓa ganin ɗaya: "Na yi tari kafin in rufe ta biyu." Wata kuma: "Shanu sun wuce ta gabas, na jira su rabin awa." Ba wanda ya gan shi yana tarin. Daga shi sai tudun sai Allah.

A unguwa kuwa ba irin sunan da ba a sa masa ba. Mai buteli, wato mai kwalba. Mai fataucin babu. A majalisar ƙofar shagon Baba Tela nan ake tsokanarsa kullum bayan la'asar, shi kuma bai taɓa gajiya da bayani ba. Da yake ɗan gidan ma'auna hatsi ne, da tiya yake yi.

"Ku ɗauka iskar ga hatsi ce, tiya ɗari, buhu biyu da rabi ke nan," yakan ce. "Tiya saba'in da takwas azot ne, ba ya ci ba ya sha, shina nan dai. Ashirin da ɗaya oksijan, shi muke rayuwa da shi. Nawa ya rage?"

"Guda," in ji majalisa, don sun haddace.

"To gudan ma kusan duka argon ne. Abin da ya saura a gindin tiyar, wanga da za ka share da hannu, shi ne aikina. Gaz karbonik, wanga da muke fitarwa in mun saki numfashi, cikin tafi guda. Neyon bai cika ƙaramin cokali ba. Eliyom abin da yatsa biyu za su tsinka. Metan ƙwayoyi ne, kana iya zama ka ƙirga su. Kirifton bai kai shi ba ma."

"To mi za a yi da shara?" Baba Tela zai tambaya, allura a baki.

"Manyan ba su motsi, Tela. Ka je Makka ka je Sin, saba'in da takwas ne da ashirin da ɗaya. Ƙananan su ke da labari."

Ni da na yi karatun kimiyya har jami'a, na zama malamin makaranta, ban taɓa jin wanda ya jera su a tsari mai shiga kai kamar haka ba. Har yau da tiyar Kawu nake koya wa ɗalibaina, kuma ina gaya musu ta wane ne.

Akwai ranar da wani malami baƙo ya zauna a majalisar, ya ji ana zancen, ya ɓata rai. Ya ce shi bai yarda da wannan aiki ba, mutum ya tafi daji shi kaɗai ya ɗaga kwalba sama yana riƙe numfashi, wannan ai ya yi kama da abin da ba a faɗa. Kawu bai yi fushi ba. Ya ce, "Allah gafarta malam, wanda ya zuba eliyom kashi biyar cikin miliyan, bai sa shida ba bai sa huɗu ba, ya san abin da ya auna. Ni leƙawa kawai nike in ga awon." Malamin ya ce a nuna masa kwalbar. Ya juya ta, ya kanga a kunne, ya mayar.

Da Inna kuwa rigimarsu ɗaya ce, ta turaren wuta. Inna mace ce mai son ƙamshi, ba ta yarda mijinta ya fita da tufa ba ta turara ba. Kawu ya kafa doka cewa rigar Alhamis ba ta shiga ɗaki, ba ta kusantar madafa, a igiyar bayan gida take kwana. Baturiyar da kanta ta ce masa abin bai kai nan ba, riƙe numfashin ya isa. Ya ce ita ta san injinta, shi ya san turaren matarsa. Wata Laraba Inna ta faki idonsa ta turara rigar. Da safe ya shinshina, ya tuɓe ya tafi aiki da tsohuwar rigar barci mai yagaggen aljihu, ya ratsa Kalley da ita kowa na kallo. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, ta ce ya kunyata ta a layi. Ba ta sake taɓa rigar ba.

Duk ƙarshen shekara ofis yakan ba shi takarda mai zanen sakamakon. Ɗigo-ɗigo ne a jere, suna hawa suna sauka kamar haƙoran zarto, amma duk layin yana tafiya sama. Yakan manna ta a bango kusa da kalanda. In baƙo ya shigo sai ya kai shi gabanta. "Kowane ɗigo Alhamis ɗina ce. Da na fara, gaz karbonik ɗari uku da hamsin ne cikin miliyan. Dubi inda ya kai." Kafin ya yi ritaya ya haura ɗari huɗu. Yakan ce duniya tana ƙara abu a gindin tiya, kuma shi yana cikin waɗanda suka gani da idonsu. Ba ya faɗin haka da murna, amma yana faɗi da ƙirji a buɗe.

Yanzu sai nawa.

Shekara ashirin ke nan da ɗoriya, cikin damina. Ina da aure, ina da ɗiya ɗaya, ina koyarwa a sakandare, Kawu yana kirana Mushe don tsokana, yadda yara ke kiran malamin lakkol da Faransanci. Zazzaɓi ya kwantar da shi ranar Laraba, irin wanda mutum ba ya iya ɗaga kai. A shekarunsa na aiki bai taɓa tsallake Alhamis ba, kuma abin ya fi zazzaɓin damunsa. Na ce ya bari in je. Na sha raka shi, na san tudun, na san yadda ake yi. Ya dube ni ya ce, "Mushe, taku goma. Kada ka sa numfashinka a ciki."

Washegari na ɗaure akwatin a bayan babur na kama hanya. An kwana ana ruwa. Ban kai rabin tafiya ba na tarar da ƙorama ta cika ta yanke hanya, motoci sun yi layi. Mutanen wurin suka ce in an yi haƙuri awa biyu ruwan zai janye. Kawu da zai shimfiɗa buzu ya jira, na san haka. Ni kuwa na tsaya ina lissafi irin na wanda ya yi boko. Na ce iska ai gauraye take, ba ta da iyaka ba ta da shinge. Saba'in da takwas da ashirin da ɗaya, a tudu ko a gari. Abin da nake rubuta wa yara a allo ke nan. Rabin maganar Kawu na riƙe, na bar rabin da ya fi muhimmanci.

Na juyo gari. Na gangara bakin kogi ƙasa da Petit Marché, inda na ga fili da ƴar iska mai daɗi. Masu gasa nama suna sama da ni, masu babura suna wucewa, mata suna hura gawayi, ban ko kula ba. Abin da ke ba ni haushi da kaina har yau shi ne yadda na bi ƙa'ida. Na ja numfashi na riƙe, na yi taku goma cif, na ɗaga kwalba sama da kai. Na cika duka biyun, na rubuta lokaci, na rubuta sunan tudun. Na sayi nama na kai wa matata, sannan na wuce Kalley.

Kawu yana kwance ya ce, "Ka kai?"

Na ce, "Na kai, Kawu."

Ya karɓi takardar ya sa hannu.

Wata uku shiru, har na manta. Sai sakamako ya dawo. A lokacin Baturiyar ta koma ƙasarsu, wani injiniya ɗan ƙasa ne shugaban ofis, mutumin kirki amma ba ya wasa da aiki. Ya kira Kawu ya shimfiɗa masa takarda. Gaz karbonik ya yi tsalle. Metan ya yi tsalle. Akwai wata iskar hayaƙin gawayi da a daji ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, ita kuwa ta ninka kanta sau da yawa. Da numfashi ne ya shiga, ko kwalba ta yi yoyo, da ɗaya za ta bambanta da ɗaya. Amma su biyun bakinsu ɗaya. Wannan iskar gari ce, an ɗebe ta da kyau, an rubuta mata sunan daji.

Akawun ofis ne ya ba ni labarin abin da Kawu ya ce. Shugaban ya tambaye shi ina aka ɗebi wannan. Kawu ya ce, "Ni aka ba akwatin, ni na sa hannu. Laifin nawa ne." Aka ce wani ya aika? Ya ce, "Na faɗi abin da zan faɗa." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ba da ni ba. Aka karɓe akwatin daga hannunsa aka ba wani, aka mayar da shi tuƙi kawai, aka ce za a sake duba duk kwalaben da ya taɓa aikowa.

Ranar da abin ya faru bai neme ni ba. Sai ranar Juma'a bayan masallaci ya ce in ɗauko babur. Ya hau bayana ya ce mu je tudun. Da muka hau ya tsaya yana kallon gabas, iska tana kaɗa masa riga.

"Ina ka ɗiba?"

Na faɗa masa. Na fara kawo zancen ƙorama, ya ɗaga hannu.

"Da ka dawo da su wofi ka ce ruwa ya hana, da na rubuta ruwa ya hana. Rami a takarda ba abin kunya ba ne. Kai ka cike ramin da ƙarya, ka ba ni na sa hannu." Ya juyo ya dube ni. "Mutanen da ban taɓa gani ba suna can sun yarda da ni, Mushe. Abin da nike da shi ke nan. Ba ni da digiri."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na durƙusa a jar ƙasar nan na ce gobe zan je ofis in faɗi gaskiya. Ya ce ban isa ba.

"Kana da aji. Malamin kimiyya da aka san ya yi ƙarya a awo, wane yaro zai yarda da allonsa? Ni tsoho ne, direba, in an ce na yi wayo ba wanda zai yi mamaki. Ka rufe bakinka muddin ina da rai. Ko uwar da ta haife ka kada ta ji."

Na ce, "Kawu, sunanka hwa?"

Ya ce, "Tashi mu tahi, la'asar ta yi."

Shekara guda ya yi yana tuƙa wanda aka ba aikinsa zuwa tudun. Ya ajiye motar inda ya kamata, ya kashe inji, ya zauna a ciki yana kallon wani yana ɗaga kwalbarsa. Inna ta ce a shekarar bai ci abincin kirki ranar Alhamis ba. Da aka gama duba tsofaffin kwalabensa aka ga duk lafiya lau suke, ɗaya bayan ɗaya, sai na wannan satin kaɗai. Shugaban ya mayar masa da akwatin, har ya ba shi hannu a gaban ma'aikata. Ya ci gaba har ya yi ritaya.

Ofis ya wanke shi, amma unguwa ba ta karanta takardar ofis. Labari ya riga ya fita, ya faɗa hannun Baba Tela, shi kuwa in labari ya shiga shagonsa sai ya fito da aiki a wuya da aljihu. Sati ɗaya ya zama shekara talatin. Na sha zama a majalisar ana yi. Sau ɗaya na ji Kawu ya ce, "Ban taɓa ba, Tela." Baba Tela ya ce, "To wa ya yi?" Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi, aka fashe da dariya. Ina zaune kamu biyu daga gare shi. Bai ko dubi inda nake ba, don kada wani ya bi idonsa.

Kuma bai canza mini ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Shi ya yi wa ƴaƴana huɗuba. In ɗalibaina sun ci jarrabawa shi ke fara yawo da labarin. Duk shekara in zan koyar da darasin iska sai in gayyato shi aji, ya zo da tiyarsa da rigar Alhamis, yara su kewaye shi. Wata yarinya ta taɓa tambayarsa me ya sa akwai ɗigo ɗaya da aka kewaye da jan biro a takardarsa. Ya ce, "Wannan ba a yarda da shi ba, ɗiyata. Shi ma an bar shi don a san an yi kuskure."

Kwana uku kafin ya cika na zauna a bakin gadonsa da rana, Inna ta fita ɗauko kunu. Na ce, "Kawu, maganar nan." Ya gane. Ya ce, "Na ce muddin ina da rai. Bayan nan kai ka sani. In ka ga za ta ɓata maka, bar ta, ni na yafe tun a tudun." Ya sake bar mini zaɓi, kamar yadda ya bar mini akwatin.

Ranar Alhamis da safe aka yi addu'ar uku. Rumfa ta cika har waje. A cikin jama'ar akwai shugaban makarantarmu, akwai iyayen ɗalibaina, akwai ɗaliban kansu a tsaye a baya. Liman ya shafa fatiha, aka fara raba goro da dabino, mutane suka fara neman takalmansu. Na miƙe.

Na ce jama'a su yi mini haƙuri da minti biyar. Na ce labarin da aka ba da jiya na kwalaben Petit Marché, ina so in gyara shi. Na faɗi zazzaɓin, na faɗi ƙoramar, na faɗi gangaren kogi da naman da na saya. Na ce Kawu ya hau tudun nan kowace Alhamis ta aikinsa, da rana da ruwa da azumi, bai taɓa ɗiban iskar gari ba ko sau ɗaya. Na ce wanda ya yi ƙaryar shi ne malamin da ke koya wa ƴaƴanku awo, kuma direban da bai shiga lakkol ba shi ya ɗauki kunyar ya riƙe shekara ashirin don kada a raina allona.

Na ga ɗalibaina suna kallon juna. Shugaban makarantarmu ya sunkuyar da kai, ban san me yake tunani ba, har yanzu ma ban sani ba.

Baba Tela ne ya fara motsi. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Kana nufin duk shekarun ga ina yi masa dariya a gabanka, shina jina, shina kallonka?" Na ce eh, Baba. Sai hawaye. "Ya ce mini bai taɓa ba. Da bakinsa ya ce mini. Ni ko na ɗauka cikin wasan ne." Ya juya ga jama'a yana share fuska da hular. "Ku da kuka ji daga bakina, ku mayar mini da abina. Ƙarya na ba ku. Mutumen ga ya fi abin da na ce nesa." Liman ya ce a sake yi wa mamacin fatiha, aka sake ɗaga hannu, har waɗanda suka riga suka sa takalmi.

Shi ya sa na rubuta wannan, don waɗanda suka ji na farkon ba su zo addu'ar uku ba. Kawuna ba ɗan wayo ba ne. Mutum ne da aka ba shi amanar abin da ba a gani, a wurin da ba mai ganinsa, ya riƙe. A can wata ƙasa akwai dogon layin ɗigo da masana ke dubawa in suna son sanin yadda iskar duniya ke canzawa, kuma wani yanki na layin nan ƙafar Kawu ce ta taka shi, taku goma goma. Ina alfahari da shi fiye da yadda zan iya rubutawa.

Da jama'a ta ragu na shiga cikin gida. Inna tana zaune a ɗakin takaba, takardar ɗigon tana nan a bango bayanta. Mata sun riga sun kai mata labari. Na durƙusa a bakin ƙofa na kasa haɗa ido da ita, don ita ta ga shekarar da mijinta ba ya cin abinci.

Ta ce, "Matso."

Na matsa.

"Kana tsammani yau na sani? Ran da ka dawo da akwatin na dubi takalmanka. Shekara nawa ina wanke jar lakar tudun nan daga ƙafar wandonsa. Kai ka shigo mini da baƙin taɓon bakin kogi. Da abin ya fashe na gaya masa, ya ce in na faɗa wa kowa bai yafe ba."

Na ce, "Inna, ki gafarce ni."

Ta ɗora hannu a kaina, hannun yana ƙamshin turaren wuta.

"Ya gafarta, ni wace ce. Ka yi takunka goma, ka rufe kwalbar. To saki numfashin, ɗan nan, ka daɗe kana riƙe da shi."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya sa iskar Aljanna ce yake shaƙa.